Dashe ko sassaben zamani: nazarin lamarin wani ƙauye a jihar Maraɗi

Ƙauyen kafin fari

Ƙauyen da wannan nazari ya bi yana jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, a kan jigawa, a yankin da ruwan sama ke kaiwa milimita 400 zuwa 600 a shekara mai kyau, kuma duk ya zuba ya gama cikin wata uku zuwa huɗu. Ba za a ambaci sunansa ba. Abin da ya same shi ya sami ɗaruruwan ƙauyuka irinsa tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma alƙaluman da za a kawo na yankin ne da na ƙasa baki ɗaya, ba nasa shi kaɗai ba. Abin da ake son gani shi ne, cikin hanyoyin da gwamnati da masu ba da agaji suka bi don mayar wa ƙasar nan itatuwanta, a ina ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu: a dashe, ko a sassaben zamani, wato rainon tohon kututturen da ke cikin gona.

Mutanen ƙauyen Hausawa ne manoma. Hatsi ne abinci, sai dawa da wake, gyaɗa kuma ita ce kuɗi. Bayan girbi Fulani kan sauko da shanu su ci kara su bar taki. A da akwai daji tsakanin wannan gari da na gaba, akwai saura da ake bari ta huta shekaru kafin a koma mata, kuma cikin gonakin kansu akwai gawo da aduwa da ƙirya da magarya. Gawo yana da daraja ta daban a ƙasar nan, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya yi kore ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. A Damagaram har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

Abubuwa huɗu suka fara cin wannan tsari tun kafin fari. Noman gyaɗa ya bunƙasa a zamanin Faransa ya ci gaba bayan samun 'yanci a 1960, aka share daji aka daina barin saura. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka matse. Malaman gona kuma suka riƙa koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, wadda garmar shanu za ta bi ba ta ci karo da komai ba. Duk bazara sai a yi sassabe, a sare duk tohon da ya fito, a tara a ƙona. Manomin da aka ga tsirrai a gonarsa, rago ne a idon jama'a.

Abu na huɗun shi ne doka, kuma shi ya fi ɓoyuwa. Dokar daji da Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka a watan Yulin 1935 ta mayar da daji hannun hukuma, ta kuma ware wasu itatuwa ta ce ba a taɓa su sai da izini. Dokar daji ta Nijar ta watan Maris 1974 ta ɗora a kan wannan tubali. A aikace, mutum zai iya rainon gawo a tsakiyar gonar da ya gada, amma ranar da ya sassare reshensa don ya ba awaki, ma'aikacin gandun daji yana da ikon cin sa tara. Itacen da ke gonarka ba naka ba ne, kuma tun da ba na kowa ba ne, duk wanda ya riga kai gatari cikin dare shi ya samu. Manomi mai lissafi sai ya ga gara ya kashe tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa fitina.

1968 zuwa 1974: fari

Farin da ya fara a 1968 ya tsananta a 1973. Dabbobi suka mutu, aka sassare itatuwa don a ba waɗanda suka rage ganye, aka sare wasu aka kai birni aka sayar don a sayi hatsi. A watan Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountche suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da abincin agaji yana cikin dalilan da suka bayar. A tsakiyar shekarun 1970 noman gyaɗa ma ya durƙushe, fari da cuta suka haɗu a kansa.

A ƙauyen, alamar matsalar ta fi fitowa a farkon damina. Iskar da ke zuwa gaban hadari ba ta da abin da zai tare ta. Hatsi ya tsiro kamar tsawon yatsa, yashi ya taso ya yanke shi ko ya binne shi, a sake shuka. Wata shekarar sai an shuka sau uku ko huɗu, kuma duk shukar da aka sake, iri ya tafi, kwanakin damina sun ragu. Mata suka koma tafiya mai nisa neman itacen girki. Da ya gagara, aka koma ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki shi ake turawa murhu. Ƙasa ta ƙara yin sanyi, amfani ya ƙara raguwa, samari suka ƙara tsawaita cin rani a Najeriya.

1975 zuwa 1983: zamanin dashe

Amsar da hukuma ta bayar ita ce a dasa. Daga 1975 aka mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar bikin 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace. Ƙungiyoyin waje da bankunan raya ƙasa suka zuba kuɗi a ayyukan gandun daji. Irin itatuwan da aka fi kawowa su ne dogon yaro da turare da wasu baƙin itatuwa masu saurin girma.

Ƙauyen ya samu rabonsa, gandun itace na gari. Yana da kyau a duba yadda kuɗi ke tafiya a irin wannan aiki. Sai an kafa wurin rainon dashe kusa da ruwa, an sayi leda, an cika ta da ƙasa da taki, an biya masu ban ruwa na wata uku ko huɗu. Sai a ɗauko dashen a mota a kan hanyar yashi, wasu su karye kafin a iso. A haƙa rami, a sayi waya a kewaye filin, a sa mai gadi. Kowane mataki kuɗi ne, kuma duk an kashe su kafin a san ko itacen zai rayu. An ƙiyasta cewa irin waɗannan ayyuka sun riƙa cin kimanin dala 1,000 a kowace hekta.

Filin da aka kewaye kuwa gonar wani ce, ko kuma wurin kiwon gari. Lokacin dashe ya faɗo daidai lokacin noma, sa'ad da kowane hannu yake da aiki a gonar gida. Mutane suka fito don mai gari ya ce a fito, aka dasa, manyan baƙi suka koma. Ba wanda ya faɗa wa kowa ƙarara wa zai ci amfanin itatuwan idan sun girma, kuma mutanen da suka saba da tara ba su yi zaton su ne ba. Daga nan sai dashe ya fuskanci rani na wata takwas da saiwar da ba ta wuce tsawon ledar da aka raine shi ciki ba. Gara ta ci wasu, awaki suka sami kafa a waya suka ci wasu, zafi ya ƙone sauran. A wurare da dama ita kanta wayar ta fi dashen daɗewa, har ta sami mai ɗauka.

A faɗin ƙasa, an ƙiyasta an dasa itatuwa kusan miliyan 60 cikin shekara 12, kuma waɗanda suka rayu ba su kai rabi ba. Ba duka aka yi asara ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a 1975, suka kama, amfanin gona ya ƙaru a tsakaninsu. Sai dai kwari ne mai ruwa kusa da ƙasa mai kyau. Ƙauyenmu jigawa ce.

1983 zuwa 1985: kututture da abincin agaji

Cikin masu wannan aiki na dashe a Maraɗi akwai wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM. Shi ma dashensa mutuwa yake yi. A 1983, yana kan hanya da dashe a bayan mota, ya tsaya ya rage iskar taya saboda yashi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itacen da aka sare. Saiwar tana nan da rai, ta yi zurfi, tana da abinci a ajiye. Irinsa kuwa sun cika gonaki, su ne ake sassabewa duk shekara.

Manoma sun san da kututturen nan tun fil azal, su ke fama da shi duk bazara. Abin da ya sauya shi ne abin da za a yi da shi. Maimakon a sare toho duka, sai a zaɓi kututturen da ake so, a bar masa toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a cire sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa zuwa wajen rabin tsayinsu, da kaifin gatari ko lauje, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Wasu kan ɗaura ɗan ƙyalle a jiki, alamar cewa wannan yana da mai shi. Tun da duk ƙarfin tsohuwar saiwa ya koma kan toho kaɗan, girman da yake yi a shekara ɗaya dashe ba ya yin sa a shekaru. Ba leda, ba mota, ba ban ruwa. Itatuwan kuma na gida ne da suka san ƙasar: sabara, kalgo, geza, taramniya, magarya, gawo. Wannan shi ne abin da aka sani yanzu da sassaben zamani.

A shekarar farko manoma ƙalilan ne suka yarda su gwada, kowa a wani ɓangare na gonarsa. An yi musu dariya, kuma an sace musu itacen, domin a fili fetal duk inda sanda ta miƙe ido yana kanta.

Sai 1984 ta zo da farin da ya fi na baya muni a wurare da yawa. A watan Afrilun shekarar gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, hanyar hatsi da ta cin rani ta toshe, shi ya sa a Nijar har yau ake kiran wannan yunwa El-Buhari. A watan Mayu gwamnatin Kountche ta kira babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maraɗi, inda aka amince cewa sai an sa talakawa cikin aikin, ko da yake dashe ne har lokacin ya fi rinjaye a tunanin mahukunta. A shekarar ce kuma aka fara babban aikin Keita a jihar Tawa, da kuɗin Italiya da haɗin hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, aikin manyan injuna da madatsun ruwa da dashe mai yawa.

A Maraɗi, SIM ta haɗa rabon abinci da sassaben zamani a ƙauyuka kusan 100, ciki har da namu. Sharaɗin shi ne mai karɓar abinci ya bar tsiro wajen 40 a kowace hekta ta gonarsa. Mutane ba su yi don sun gamsu ba, sun yi don yunwa. Amma ta haka aka raini itatuwa kusan 500,000 a lokaci guda, kuma a karon farko gari guda ya yi abin tare, ba wanda zai nuna wani da yatsa.

1986 zuwa 1990: da agaji ya janye

Da ruwa ya dawo aka daina rabon abinci, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Wanda ya zo duba aikin a wannan lokaci zai rubuta cewa ya faɗi kamar na baya.

Amma kashi ɗayan da ya rage yana hannun mutanen da suka ga wani abu da idonsu. Hatsin da ke kusa da tsiron bai mutu ba kamar yadda ake tsoro. Ganyen sabara da kalgo ya zuba ya rufe ƙasa, gara ta ja shi ciki, yashin da iska ke kwasowa daga gonar maƙwabci ya tsaya a gindin tsiron. Dabbobi sun riƙa fakewa a inuwar suna barin kashi. Rassan da aka rage sun isa girki na wani lokaci. A shekara ta biyu ko ta uku akan sare sanda guda daga kowane kututture a bar sauran, a yi rufin ɗaki ko rumbu, ko a kai kasuwa. Waɗanda suka sare nasu duka sun ci kuɗin sau ɗaya, suka koma kallon maƙwabta suna ci duk shekara.

Wani abu da ya faru a ofis ya taimaka ƙwarai. Masu aikin sun shawo kan hukumar gandun daji ta Maraɗi ta sassauta, ta bar manomi ya amfana da itacen da ya raina a gonarsa ba tare da tara ba. Ba a sauya doka a rubuce ba, an dai ɗaga ƙafa. Wannan mataki bai ci ko dala ba, in ban da kuɗin tarar da aka daina karɓa.

1991 zuwa 2004: hannun hukuma ya yi sako-sako

Kountche ya rasu a 1987. Shekarun da suka biyo baya na rikicin siyasa ne da talaucin gwamnati: taron ƙasa na 1991, juyin mulki a 1996 da 1999, albashi yana makara, masu ba da agaji suna janyewa. Ma'aikatan gandun daji suka rage zuwa ƙauyuka. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, takin zamani ya ƙara fin ƙarfin talaka, gawo a gona ya ƙara daraja.

A ɓangaren doka, ƙa'idojin tsarin karkara na 1993 sun amince da haƙƙin mallakar gona ta hanyar gado da al'ada. Sabuwar dokar daji ta watan Yunin 2004 ta ƙara buɗe wa jama'ar karkara ƙofar kula da albarkatun dajinsu. Dokar ta biyo bayan abin da mutane suka riga suka fara ne. Kafin a rubuta ta, manomi a ƙauyen ya riga ya ɗauka cewa itacen gonarsa nasa ne, kuma maƙwabtansa sun yarda da haka.

Sata ce ta rage babbar matsala. Maganinta daga garuruwan ya fito. Ƙauyen Ɗan Saga a yankin Aguie, inda IFAD, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tallafa wa wani aiki, ya yi suna da kwamitin sa ido mai maza da mata da wakilan makiyaya, wanda ke zagaya gonaki yana kai mai laifi gaban mai gari. Ƙauyenmu ma ya kafa nasa ƙa'idoji: ba a sara a gonar wani sai da izininsa, makiyayi zai iya kaɗo 'ya'yan gawo amma ba zai daddatse reshe ba. Ba kullum ake bi ba, kuma an sha yin rigima a kai.

Yaɗuwar abin ba ta bi ta ofis ba. Mutum ya je kasuwa ko biki ko ta'aziyya, ya ratsa gonakin wani gari, ya ga sanduna a tsaye da hatsi a ƙarƙashinsu, ya dawo ya gwada. Ayyukan raya karkara da dama sun ɗauki dabarar sun koyar, amma mafi yawan gonakin da ta shiga ba wani ma'aikaci da ya taɓa taka su. Shi ya sa aka yi kusan shekara 20 ba wanda ya san girman abin da ke faruwa, har a Yamai.

2004 zuwa 2009: gwaji da awo

Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka, 2005 ta zama shekarar yunwa. Jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika. Itatuwa ba su hana wannan ba. Abin da aka lura shi ne gidan da ke da itace yana da abin sayarwa kafin ya kai ga sayar da akuya ko jinginar da gona: itacen girki, sanduna, 'ya'yan gawo, ganyen kuka. Dabbobinsa kuma sun sami abin ci.

A daidai wannan lokaci masu bincike suka fara auna lamarin. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada hotunan sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan adam na wajen 2005. Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka bi gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya a jihar Damagaram, suka tarar da kimanin hekta miliyan 1 da gawo ya rufe. Chris Reij da Tappan da Melinda Smale suka tattara sakamakon a 2009: kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsi da aka ƙiyasta ya kai tan 500,000 a shekara, abincin mutum miliyan 2.5. Idan aka raba, itace 40 ke nan a hekta, ƙarin hatsi kuma kilo 100 a hekta. Wani bincike da aka yi a kan gidaje a jihar Maraɗi, aka buga a 2011, ya sami ƙarin kuɗin shiga na kashi 18 zuwa 24 cikin 100 ga masu sassaben zamani. Kuɗin da aka kashe daga waje a kan yaɗa dabarar, in aka raba shi a kan faɗin da ta kai, an ƙiyasta bai kai dala 20 a hekta ba.

Hotunan sun nuna wani abu kuma. A wasu wurare a kan iyaka, ɓangaren Nijar ya fi ɓangaren Najeriya yawan itatuwa a gona, alhali ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, mutanen ma dangin juna ne.

2007 zuwa 2020: babbar ganuwa da sabuwar doka

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wadda aka fara zayyanawa a matsayin ɗamarar dashe mai tsawon kusan kilomita 8,000 da faɗin kilomita 15. Daga baya aka sauya fasalinta ta koma gyaran ƙasa ta hanyoyi daban-daban, kuma abin da ya faru a Maraɗi da Damagaram na cikin dalilan sauyin. Rahoton 2020 ya nuna an gyara kimanin hekta miliyan 4 a yankin shirin, cikin miliyan 100 da ake buri kafin 2030. A watan Janairun 2021 aka yi alkawarin sama da dala biliyan 14 a wani taro a Faris.

A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, a shekarar da Yacouba Sawadogo, wani manomi na Burkina Faso, ma ya karɓa. A ranar 30 ga Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin amfanin itacen da ya raina. Shekara 37 ke nan bayan gwajin farko.

A ƙauyen yau, mai tsayawa a bakin gari da rani ba ya hango gari na gaba kamar da, itatuwa sun tare. An rage sake shuka. Mata da yawa suna samun itacen girki daga gonar gida. Gonakin kuwa sun ƙara ƙanƙancewa, domin jama'ar Nijar da ba ta wuce miliyan 5 da 'yan kai ba a ƙidayar 1977 ta haura miliyan 17 a ta 2012.

Hukunci

Idan aka ɗauki alƙaluman yadda suke, gyara hekta miliyan 5 ta hanyar dashe a kan dala 1,000 zai ci dala biliyan 5, kuma fiye da rabin dashen zai mutu. Ta hanyar sassaben zamani abin da aka kashe daga waje bai kai dala miliyan 100 ba. Ko an ninka wannan sau biyar don kuskuren ƙiyasi, tazarar ba ta rufuwa. A ƙasa irin ta ƙauyen nan, jigawa mai kututture da rai da mutane masu gona, dashe bai biya kuɗinsa ba, sassaben zamani ya biya.

Sai dai lissafin yana da ramuka da ya kamata a faɗa. Dala 20 ɗin kuɗin masu agaji ne kawai. Gumin manomi, da kwanakin da ya yi yana sassabe da gadi da zaman sulhu, ba a sa su ciki ba. Arhar ta gwamnati ce. Abin da ya sa manomin ya yarda ya biya nasa kason shi ne ribar tana shigowa gidansa tun shekara ta biyu. Tan 500,000 ɗin nan ma ƙiyasi ne da aka gina a kan kilo 100 a hekta, ba hatsin da aka auna a rumbu ba, kuma ribar da ta fi tabbata ita ce ta itace da abincin dabbobi da rage asarar iri. Ruwan sama ya ƙaru bayan shekarun 1980, ya kuma taimaka, amma da ruwa ne kaɗai da ba a ga bambanci a kan iyaka ba. Sannan dabarar ba ta aiki ko'ina. A kan faƙo irin na Tawa, inda ƙasa ta daskare ba kututture ba iri, sai an haƙa ramukan tara ruwa irin su tassa da rabin wata ko an dasa, kuma wannan dole ya ci kuɗi. Keita ta yi tsada, amma ƙasar da ta gyara ba wadda sassabe zai gyara ba ce.

A ganina, matakin gwamnati da ya fi kowane riba a wannan tarihi shi ne wanda ba ya cikin kasafin kuɗi: daina cin manomi tara a kan itacen gonarsa. Dokar 1935 da ta 1974 an yi su ne don kare itace, ana biyan ma'aikata albashi don aiwatar da su, kuma sakamakonsu a gona shi ne kashe tsiro tun yana ƙarami. Wato ƙasa tana biya sau biyu, ta biya mai tsaron da ya sa ake sarewa, ta kuma ciyo bashi ko ta nemi agaji don a dasa madadin abin da aka sare. Sassaucin ma ba da shiri aka fara shi ba, rabinsa roƙo ne a ofishin jiha, rabinsa rashin kuɗin mai ne da ya hana ma'aikata fita. Abincin agajin 1984 shi ma ya cancanci a sa shi a lissafi a matsayin kuɗin da ya yi amfani, duk da an sare kashi biyu cikin uku, domin shi ya sa dubban mutane suka ga abin a gonarsu a lokaci guda. Da an yanke wa aikin hukunci a 1986 da an rufe shi.

Dalilin da ya sa dashe ya daɗe yana cin kasafi duk da haka ba ɓoyayye ba ne. Ana iya ƙirga shi ranar da aka dasa, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoto, akwai kwangilar leda da waya da mota. Rahotanni sun saba faɗin nawa aka dasa, ba nawa ke tsaye bayan rani uku ba, kuma da wannan ma'auni na biyu ake aiki da an gane bambancin tun kafin 1983.

Akwai kuma waɗanda arhar ta faɗa a kansu. Da itace ya zama na mai gona, matar da mijinta ba shi da fili, wadda a da take tsintar itace ko'ina, yanzu sai ta roƙa ko ta saya. Makiyayin da ya saba sassaro wa shanunsa reshe a kan hanya yanzu yana iya samun kansa gaban kwamiti. Inda aka sa su cikin tsara ƙa'ida, kamar yadda aka yi a Ɗan Saga, rigimar ta yi sauƙi. Inda ba a sa su ba, asararsu tana nan, kuma ba ta cikin dala 20 ɗin da ake ambato.